Wayar Ba-Ragi Ba Ta Riƙe Caji

Kafin azahar wayar Ba-Ragi ta sake mutuwa, da zafinta kamar an ciro ta daga murhu. Ta juya ta, ta buga ta a tafin hannu, ta zagi kamfanin layin waya har kakanninsa.

Zare da maɓalli da zif take sayarwa a layin teloli, kuma sunan nan ba a banza ta same shi ba. Ba ta ragi, ba ta dariyar da ba dalili. Da bakinta take cewa, "Ni ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a shagona." Bencin ƙofarta ya yi shekaru ba mai zama a kai sai kwali.

Da can wayar lafiyarta lau. 'Yarta ce, ma'aikaciyar jinya a wani gari, ta matsa mata ta je a canza mata tsohon sim da sabo mai saurin intanet, don su riƙa ganin juna idan suna magana. Ta je, aka canza. Da ta dawo, Dogo tela mai shagon kusa da nata ya karɓa ya saita mata. 'Yar kuma ta ɗauki nauyin loda mata data ba yankewa. Tun daga ranar caji ya zama ruwa a kwando.

Sai dai a makon ne benci ya fara samun baƙi. Dogo ya fara zama, sai mai guga, sai matan da ke ɗinkin duwatsu a riguna. Kafin wata ya ƙare har kujeru ake jawowa. Ba-Ragi ta kalle su ta ce a ranta, ashe gaskiya ɗaci gare ta amma daga baya ake neman ta. Ta gyara zama ta buɗe musu rumbun hikima: yadda ake gane zare mai zuba, yadda miji ke lalacewa, dalilin da ya sa 'yan yanzu ba sa albarka. Su kuwa kai a sunkuye, ido a cinya, ba mai katse ta. Wani lokaci su fashe da dariya a inda ita ba ta san ta yi abin dariya ba.

"Tsufa ya zo mini da farin jini," ta ce wa 'yarta. "Ni da ko a suna ba a so a zauna kusa da ni."

Daga nan ta sa ido a kan kujerar shugabar ƙungiyar 'yan layin, wadda Uwar Biyu mai leshi ta daɗe a kai. Ba-Ragi ta shekara tana kushe ta a ɓoye saboda ita kanta ba ta da mutum ko ɗaya a bayanta. Yanzu ga su har benci na kuka. Ta shelanta cewa za ta tsaya, a gaban kowa, ta yadda ba hanyar janyewa sai da kunya.

Wayar ce kaɗai ke ci mata tuwo a ƙwarya. Tana cikin kiran masu shaguna neman goyon baya sai allon ya yi baƙi. Ta sayi sabon batir, bai canza zane ba. Ta koma ofishin kamfanin ta yi musu tatas, suka ce sim ba ya shan caji, ta ce to ita ce ke sha ke nan. Har ta fara zargin Uwar Biyu da sa hannu.

Jama'arta kuwa sun fi ta damuwa. Da safe kafin gaisuwa ta ƙare za a ce, "Inna, ya caji?" Idan wayar ta mutu, Dogo ne ke rugawa da ita shagon mai aski ya jona, ya kunna mata. Sai bencin ya watse, kowa ya tuna yana son aski. Ba-Ragi ba ta taɓa ganin layin da gashi ke tsiro da sauri haka ba. Ƙarshe suka haɗa hannu suka sayo mata fawa bank, abin ajiye caji na tafi-da-gidanka. Ta juya baya ta goge ido, ta ce ƙurar zare ce.

Ranar zaɓe 'yarta ta zo taya ta. Shago ya cika maƙil, har ƙanwar Uwar Biyu na raɓe a gefe, abin da Ba-Ragi ta fassara da cewa gidan abokiyar hamayya ya tsage. Ta ɗaura ɗankwali mai tsini, ta miƙa wa 'yar wayar.

"Riƙe mini wannan jarabar, kar ta ƙona mini jaka."

'Yar ta duba allon, ta ɗaure fuska, ta latsa wani abu.

Ba-Ragi ta miƙe ta ce, "To jama'a, mu je mu karɓi kujerarmu."

Kawuna suka ɗago a lokaci guda, kamar an ja su da zare ɗaya. Ba ita suke kallo ba. Mai guga ya yi tsaki. Matan duwatsu suka tuna da aikin da suka bari. Dogo ya sulale ta bayan labule da tsawonsa duka. Kafin ta gyara mayafi, ba kowa a bencin.

"Ina za su? Ke, me kika yi musu?"

"Inna, abin da ke shanye miki caji na kashe. Tun ranar da aka canza sim wayarki ke raba intanet kyauta ga duk wanda ya matso kusa da ke. Duk layin nan a datarki suke kallon fim."