Direban Jirgin da Ya Yi Gudu a Layin Jira

Alhamdu lillahi Goggo, yau dai ta faru! Yaya Rahane ta ci jarrabawar tuƙin jirgi a cikin gajimare, wannan da ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, sai agogunan da ke gaban mutum. Kuma tambayar da ta kayar da ita bara ita ta sake fitowa, wato iyakar gudu in an ce jirgi ya dakata. Ai kin san jirgi ba ya tsayawa cak, kewaye yake yi har layi ya zo kansa. Daga ƙafa dubu goma sha huɗu zuwa ƙasa ba a wuce ɗari biyu da talatin a ma'aunin gudunsu, sama da nan ɗari biyu da arba'in, in an haura dubu ashirin sai ɗari biyu da sittin da biyar. Ta ce wani misali da tsohon malaminsu ya ba su ne ya zaunar mata da abin a ka. Tsaya ki ji, ajiye tankaɗen nan.

Wai wani direban jirgi ne aka yi masa haihuwa, ranar suna ta same shi a hanya. Shi sunan mahaifinsa yake so a sa wa yaron, surukinsa kuwa ya daɗe yana kwaɗayin takwara, har ya aiko cewa in liman ya zauna babu uban ɗa, to kaka ma uba ne. Ya iso saman garinsu da safe, ya tarar hadari ya rufe ko'ina, an jera jirage wani kan wani kamar kwanukan jere, na ƙasa ya sauka, na bisa ya gangaro mataki ɗaya. Ma'aikaciyar hasumiyar da ke ba jirage umarni ta ba shi wurinsa ta ce ya yi ta kewayawa. Saura jirage biyu a ƙarƙashinsa, amma bawan Allah ya dubi agogo, ya hango rago a ɗaure, ya hango suruki yana gyara zaman hula kusa da liman, sai zuciya ta raya masa cewa in ya gama kewayensa da wuri za a kira shi da wuri, sai ya ƙara wuta. Mataimakinsa ya yi gyaran murya ya nuna masa allurar gudu ta wuce ɗari biyu da talatin, direban ya ce masa ai shi ba a yi masa haihuwa ba. To ke kin ga tirela ta shigo shataletale a guje? Haka kwanarsa ta buɗe, ta buɗe, har ya fice daga filin da aka keɓe masa ya doshi hanyar masu tashi. Ma'aikaciyar nan cikin sanyin murya ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda wurin ya yi maka kaɗan, hau can sama, akwai fili." Ta mayar da shi ƙarshen layi. Gudun kuma ya sha masa mai, dole ya karkata ya sauka a wani gari, ya ƙaraso gida a motar haya bayan azahar.

Ko da ya zo an feɗe rago, an raba goro, mata na ta yi wa tsoho barka da takwara. Kin san kuma ba a kama sunan suruki. Yau yaron ya fi kowa ƙiriniya a unguwa, ya fasa tulu, ya saki awakin maƙwabta, uban ya ɗauko bulala ya buɗe baki zai ƙwala masa kira, sai kunya ta kama shi, ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, a dai riƙa haƙuri."

Don girman Allah Goggo, kada ki gaya wa kowa tukuna. Yaya so take Baba ya ji daga bakinta in ya dawo kasuwa, ni ma ta taga na jiyo. In kika ruga gidan Inna Talle yanzu, Yaya fushi za ta yi ta ƙi faɗa mana sauran. Ki danne kafin magariba, ai Hausawa sun gama magana: sauri ya haifi nawa.