Karan Gashin Zabuwa

A gidan wani manomi babu sauran ƙarar taɓarya da safe, babu mai watsa wa kaji tsaba, domin uwargidansa ta rasu bayan girbi. Kyanwarta ma, wata baƙa mai farin wuya da ɓerayen unguwa suka san da zamanta, ta koma gidan ƙanwar marigayiyar inda ake ɗora tukunya kullum. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne gora guda cike da irin kuɓewa. Matar ta zo da irin daga gidan uwarta tun tana amarya, kowace damina ta shuka a bayan ɗaki, ta ware na baɗi. Ya ƙudura zai shuka shi da ruwan farko don kada irin ya ƙare a hannunsa. To, ɓeraye sun ji gida ba mai tsaro, suka fara ƙwaƙular gorar ta gindi. Da ƙanwar ta ji labari, sai ta kawo masa ɗiyar baƙar kyanwar nan, 'yar mitsitsiya, ba ta fi tafin hannunsa ba.

Shi a zatonsa za ta zauna a bakin ƙofa kamar uwarta, ta naɗe wutsiya tana lumshe ido. Abin da ya samu daban. In ya zauna saƙar tabarma, ta faɗa wa kabar da yake ja ta rungume ta da ƙafa huɗu. In ya ɗauki carbi, ta yi tsalle ta maƙale tana lilo. Ta hau rigarsa har kafaɗa, ta sauko ta kifar da butar alwala, ta zagaya rumbu sau uku ba mai korarta, sannan ta tsaya ta ɗaga gadon baya tana yi wa takalminsa barazana. Sai ya riƙa kife ta da kwando yana ɗora dutse, wai ta koyi natsuwa. Duk sanda ya buɗe, ta fito kamar an saki kibiya, ɓarnar yau ta fi ta jiya. Ran da ta ɗare kan gorar irin ta gangaro da ita, ya tsugunna yana tsintar 'ya'yan kuɓewa ɗaya-ɗaya a cikin ƙasa, ya aika wa ƙanwar matarsa ta zo ta ɗauki kayanta.

Washegari da hantsi ta zo, ta tarar da shi yana bin 'yar kyanwar a tsakar gida. Ta shiga ɗaki ta jawo wani abu daga bayan gadon marigayiyar: kara ne, an ɗaura masa zare, a bakin zaren gashin zabuwa uku. Shekara da shekaru yana ganin karan nan. Ya ɗauka wani maganin mata ne, bai taɓa tambaya ba, ko bayan rasuwar bai yarda ya taɓa shi ba. Da ta miƙo masa shi, sai ya ja da baya. Ƙanwar ta duba kara, ta duba fuskarsa, ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "Yaya, ashe shekara takwas kana tsoron abin wasan mage? Ai uwarta ta fi ta rashin ji. Kana gona matarka ke ja mata wannan safe da yamma har magen ta gaji, ta ba ta abinci, ta yi barci. Kai ka dawo ka tarar da saliha a bakin ƙofa. Tsallen da take yi wa carbinka, shi za ta yi wa ɓera. Ka kife ta da kwando, a ina za ta koya?"

Ya karɓi karan yana jujjuya shi. Wurin da matar take riƙewa har ya yi santsi. Ya ɗan ja shi a ƙasa, 'yar kyanwar ta lafe, ta kaɗa ƙugu, ta dira a kan gashin. Ya sake ja, ta sake dira. Kafin rana ta take, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga suna kallon dattijo mai farin gemu yana zagaya rumbu da kara, yana dariyar da ba a ji ta a gidan ba tun ranar sadakar uku. Daga nan kullum sai ya yi mata wasan safe da na la'asar, ya zuba mata nono a sakaina, ta sha ta kwanta a kan ƙafarsa, shi kuma ya yi saƙarsa lafiya. Kwandon ya koma wurin kaji.

Ba a yi wata biyu ba, wata safiya yana shimfiɗa tabarma sai ya ga ta lafe a gindin gorar, ta kaɗa ƙugu kamar yadda take yi wa gashin zabuwa. Ta dira, ta ɗago da ɓera, ta kawo ta ajiye masa a gaba tana kallonsa. Ruwan farko ya sauka, ya shuka irin a bayan ɗaki. Kuɓewa ta yi 'ya'ya har ya aika wa ƙanwar ƙwarya guda, ya kuma ware na baɗi ya zuba a sabuwar gora.

Shi ya sa in ka ga ƙaramin abu ya cika tsalle, ka duba tsatsonsa kafin ka nemo kwando. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita kuma wadda ta ɗaura gashin nan a kara, Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ku taya mu da amin.