Zogalen Bayan Ɗaki

Kai da kake ganin lita da kilo duk ɗaya ne, zauna in ba ka misali. An yi wata tsohuwa a wani ƙauye, 'yarta ɗaya tilo aure ya kai ta ƙasar da sai jirgin sama ke zuwa. Shekaru suka tura ba su sa juna a ido ba, kewa tana cin tsohuwar nan kamar gara. Duk sanda suka yi waya, maganar 'yar ɗaya ce: "Inna, kwaɗon zogalen bayan ɗakinki nake marmari." Ita kuwa uwa ba ta gajiya. Ta tsinki ganye, ta shanya a inuwa, ta tara har buhu ya cika, ta jingine shi kusa da gadonta tana jiran mai tafiya.

Ana nan sai ga wani ɗan garinsu zai je ƙasar. Ya aiko mata cewa zai ɗaukar mata saƙo, amma kada ya wuce kilo biyu. Tsohuwa dai lita ta sani, da ita take sayen man gyaɗa, kuma a ganinta duk awon Bature uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta ɗauko jarkar lita biyu ta dube ta, ta dubi buhu. Zogalen da zai shiga jarkar nan ai ko kwaɗo biyu ba zai yi ba. Ba ta tambayi kowa ba, ta yanke shawarar aika abin da ya fi daraja. Ta cika jarka da zuma, ta bar buhu a ɗaki, ta hau mota zuwa birni inda matafiyin yake shirin tashi.

Da aka ɗora zuma a sikeli, sai ta kusa kilo uku. Mutumin ya ba ta haƙuri, ya ce lita wurin da abu ya cika take aunawa, kilo kuwa nauyinsa, kuma zuma ta fi ruwa nauyi. Aka rage zuma, ya tafi da abin da 'yar ba ta nema ba.

Da ta koma gida, maganarsa ta hana ta sakat. Ranar kasuwa ta ɗauki buhun da hannu ɗaya, ta kai wa masu awon riɗi. Allurar sikeli ta motsa kaɗan ta tsaya, ko kilo biyu ba ta kai ba. Ashe da buhun ta kai, da an tafi da shi gaba ɗaya.

Ta dawo ta zauna a kansa a bakin ƙofa, ƙamshin ganyen yana tashi, hawaye yana zuba. A lokacin ne wayarta ta yi ƙara, 'yar ce, muryarta cike da murna: "Inna, an ce saƙona ya iso. Zogalen ne?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.