Takardar Sibongiseni

Kwana tara Sibongiseni Mthalane ya yi yana tsara takardar, kuma da hannunsa ya ɗora ta a kan kowace kujera a zauren taron asibitin. Ba a cewa “gawa”, sai dai “mai kyauta da ya rasu”. Ba a cewa an “girbi” ƙoda, don mutum ba masara ba ne. Ma'aikacin da ya ce “kayan gyara” kuwa, ko da wasa ne, sai ya ba da haƙuri a rubuce.

Watansa biyu ke nan a ofishin hulɗa da jama'a na sashen dashen ƙoda, ba a kuma tabbatar masa da aikin ba tukuna. Yau ce ranar tunawa da mamatan da aka dasa wa rayayyu sassan jikinsu, shugabar asibitin ma tana nan a layin gaba. Ya zaunar da iyalan mamatan a dama, waɗanda aka yi wa dashe a hagu, ya bar hanya mai faɗi a tsakani. Ƙa'ida ba ta so su san juna, ko da yake wasiƙun godiya kan tona asiri jefi-jefi.

Daga hagu matsalar ta ɓullo. Baba Zikhali, wani ƙaton direban bas ɗin haya da aka yi wa dashe shekara uku da suka wuce, ya shigo da wata 'yar gajeriyar dattijuwa mai jar hula, tana riƙe da hannun rigarsa tana ta faɗa. Kafin ya zauna ta laluba aljihunsa, ta zaro ƙunshin busasshen nama, ta jefa a jakarta.

“Gishiri ne zalla,” in ji ta. “So kake a binne mutum ɗaya sau biyu?”

Baba Zikhali ya zauna abinsa. Da gani ya saba.

Sai ta ɗauki takardar, ta miƙe hannu da ita nesa da ido, ta shiga karantawa da ƙarfi kamar mai sanarwa a tasha. Sibongiseni ya garzayo, ya rusuna kusa da ita.

“Mama, don Allah a hankali.”

“Kai ka rubuta wannan, ɗana? Gawa ba ta kyauta. Tana kwance abinta wani ya sa hannu a takarda, aka buɗe ta kamar tsohuwar mota aka cire abin da ke aiki. Hantar ma dubawa aka yi aka mayar, giya ta riga likita.”

Layi biyu na hagu suka tuntsire da dariya. A dama, wani tsoho mai baƙin kwat ya sunkuyar da kai. Sibongiseni ya miƙe. Ya koma bakin bango ya tsaya, yana hasashen inda zai nemi wani aikin a duk faɗin Durban.

Da aka zo kunna kyandir sai ta ajiye takardar. Ya hango ta ɗora tafin hannu a kan marar Baba Zikhali, wajen dama, inda likitoci kan dasa ƙoda. Idonta a rufe, leɓunanta na motsi, ta daɗe a haka. Shi kuwa direban ya ƙame, ko tari bai yi ba. Sibongiseni ya sauke numfashi. Ashe tsohuwar ta san godiya, bakin ne kawai ba linzami.

Fasto ya hau mumbari. Ya yi magana a kan mutanen da suka rayu cikin tsarkin zuciya, suka tafi suna rabon rai kamar mala'iku.

“Mala'iku,” in ji mai jar hula, tana nuna tumbin Baba Zikhali da babban yatsa. “Wannan dai ya fi amfani gunduwa-gunduwa.”

Fasto ya rasa layin da yake kai. Shugabar asibitin ta waiwayo a hankali, ta nemi Sibongiseni ta saman tabarau, ta kuwa same shi.

Ya yafito mai gadi, ya nufi matar. Ya so ya yi raɗa, amma muryarsa ta ƙwace, duk zauren ya ji.

“Mama, ki tashi ki fita. Iyalin mutumin da ya ba da ƙodar nan wataƙila suna can suna jin ki. Ba ki jin kunya? Ba don shi ba, da yau ciyawa ta fito a kabarin mijinki.”

Matar ta ɗago kai. Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta shiga gyara zaman hularta da ba ta karkace ba.

Baba Zikhali ya sosa ƙeya, ya yi gyaran murya.

“Ɗana, ai tawa matar tana gida a KwaMashu,” ya ce. “Wannan MaCele ce, matar mai ƙodar da ke cikina.”