Kwanar Inci Goma Sha Takwas

Karo na shida ke nan ɗan jirgin ƙasan wasan yana kifewa a kwanar dogo guda.

Merle Hostetler ya tsince taragun daga ƙasa, ya sake jera su a kan dogo. 'Yarsa Gwen tana tsaye a gindin matakalar ɗakin ƙasa tana kallon hannunsa. Ita ta sayo masa waɗannan dogayen taragu na zamani, bayan likita ya ce a ba shi aikin da ya fi sani, a ga ko hankalinsa na nan daidai. In ya kasa, sai gidan tsofaffi.

Babu abin da aka san Merle da shi kamar wannan tsohon zanen dogo. Da shi ya ci gasar masu ƙananan jiragen ƙasa a garin Altoona a 1974, kuma tun ranar ake kiransa gwani. Takardar ta yi jawur, amma 'yan ƙananan lambobinta na nan tsaf. Ya shimfiɗa sabon dogo a kanta, bai kauce ko kaɗan ba.

Gwen ta ɗora yatsa a kan wata alama kusa da kwanar, ta tambaye shi ma'anarta. Ya ce idonsa ne ba ya gani sosai. Ta miƙa masa tabarau. Ya daɗe yana duba.

"Baba, kai fa ka zana shi. Har wannan ma ya ɓace maka?"

Ya waiwaya wajen matarsa Lorraine, wadda ta sauko da gahawa. Ta ajiye kofin a hankali, ta ce ita ina ta san jirgi, ai shekara hamsin abin da yake gaya wa baƙi ke nan.

"Gaya mata mana, gwani," in ji Lorraine.

Ya cire tabarau ɗin, ya ajiye a kan takardar.

Ranar Litinin aka kai shi gidan tsofaffi. Ya riƙe ƙofar mota yana rantsuwa bai manta komai ba. Ma'aikaciyar gidan ta ce wa Gwen kada ta damu, duk haka suke faɗa.

Da la'asar Lorraine ta sauka ɗakin ita kaɗai, ta fere fensir. Alamar tana nufin kwanar inci goma sha takwas, daidai gajerun taragun da. Dogayen na zamani ba sa iya shan kwanar da ba ta kai inci ashirin da huɗu ba. Ta soke tsohuwar lambar, ta rubuta sabuwa a gefenta, da hannun nan nata da ya zana takardar tun farko.