Wanda Ya Fi Kowa Sadaka

Da ta buɗe jerin 'yan wasa, sai ta tarar ƙaninta ne a sama.

Wata uku ta yi tana sauya wasan nan na jarumai da dodanni a kwamfutarta. Ta cire ladan kisa, ta sa duk wanda ya ciyar da mayunwaci ƙarfinsa ya ƙaru. Ta raba wa matasan Rogo, ko sa koyi tausayi.

Ta dubi ƙanin nata. "Kai, ya aka yi ka wuce kowa?"

"Ai da sauƙi, Yaya. In na shiga ƙauye, rumbunansu nake fara ƙonawa. Bayan kwana biyu in dawo da hatsi, su yi ta sa mini albarka."

"Wa ya koya maka wannan muguntar?"

Taga kawai ya kalla.

A ƙofar gida mutanen Falgore sun yi layi, ana auna musu kwano ɗai-ɗai na sadakar azumi. Da kaka mahaifinsu ya saye masararsu da arhar banza, ya kulle a sito har ta gagari talaka. Ga shi yanzu zaune kan darduma, yana murmushi, yana amsa musu da "amin".