Garin da Babu Ƙofar Ban Haƙuri

Kwana da kwanaki ke nan ina cikin damuwa saboda Rumasa'u, 'yata ta fari. Man shafawa take haɗawa tana sayarwa ta waya. Da can tana wani zauren hira na mata 'yan kasuwa a wayar, mai zauren ta cika mulki, sai abin da ta ce. Su Rumasa'u suka fice suka koma wani da aka ce ba shi da shugaba, kowa daidai yake da kowa, wadda ba ta yi miki ba ki toshe ta kawai. To ga shi wata ta rubuta wai man Rumasa'u ya ɓata wa wata fuska, kafin ka ce kwabo duk sun toshe ta. Yarinya ta shige ɗaki, sai ramewa take. Na yafa mayafi na je wurin Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, na ce ta raka ni mu ba da haƙuri. Ta ce, "Mu ba wa?" Ta ce in zauna, ta ba ni wannan misali.

Wai an yi wasu mutane da suka gaji da mai garinsu. Shi zai ce ga ranar shuka, shi zai ce ga wanda zai fara ɗiban ruwa, in ka ɗaga murya ka sha rana a ƙofar fada. Suka kwashe nasu-ya-nasu suka kafa tunga a bakin wani rafi, suka yi rantsuwa: nan ba sarki, ba fada, ba dogari, ba alƙali. Wanda ya yi laifi ba za a kira shi ko'ina ba. Kowa dai ya hana shi ɗiban wuta a murhunsa, ya daina amsa sallamarsa, har ya shiga taitayinsa. Cikinsu akwai wata mai ginin tukwane, da bakinta aka yi rantsuwar har tana guɗa, don mai garin ya taɓa durƙusar da ita a fada kan yumɓun da ta haƙa ba izini.

Ana nan lafiya, sai wata safiya ta ɗauki kasko ta shiga maƙwabta ɗiban wuta. Matar gidan ta juya mata baya ta ci gaba da tankaɗe. A gida na gaba aka saki asabari. A wani kuma ga garwashi nan jajir a murhu, tana kallonsa, aka ce ya mutu. Sai a bakin rafi ta tsinci zancen: wai tukunyar da ta gina ta fashe a kan wuta, tafasasshen ruwa ya ƙone yarinya. Wace yarinya? Ta gidan wa? Wannan ta ce a bakin waccan ta ji, waccan ta ce ai kowa ya sani. Ta bi layi tana satar kallon ƙafafun yara. Ba ta ga mai ƙuna ba, amma ba ta isa ta rantse babu ba.

Ga ɗanyun tukwane jere a fili suna jiran gashi, gashin kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an taya ta da kara da wuta. Ga hadari kullum yana leƙowa ta gabas. Ta ƙulle goro a haɓar zane ta fita neman wanda za ta durƙusa wa. Dattijon da ta fara samu ya ce, "Wallahi 'yar nan, ni ba ni da komai da ke. Jama'a ce." Ta ce, "To Baba, jama'ar a wane gida take, in je?" Ya sunkuyar da kai. Daga baya ta lura da wasu mata marasa aikin fari balle na baƙi, su ke fara zuwa bakin rafi, su ke ƙarshen tashi, abin da suka faɗa da hantsi shi gari ke yi da yamma. Ta je ta zube gaban babbarsu. Matar ta yi dariya ta ce, "Tashi, tashi, kar ki ja mini! Ni a su wa? Kin manta nan ba mu da shugaba?"

A hanyar gida ta yi ta juya abin a ranta. Can a tsohon gari rana ta gasa ta, gaskiya ne, amma an faɗa mata laifinta, an kira mai ƙara ya tsaya ido da ido, kawunta ya sa baki, kafin la'asar aka ce ta tashi. Azzalumi ne, amma yana da suna, yana da ƙofa, in ya cuce ka ka san wanda za ka haɗa da Allah. Tana isa gida ruwa ya ɓarke. Ta tsaya tana kallon tukwanenta suna narkewa suna komawa laka, hayaƙi na tashi daga kowane gida ban da nata, kuma duk tungar babu mutum ɗaya da zai ce shi ya yanke mata hukunci.

Nan Gwaggo ta tsaya. Na ce to matar ta koma tsohon garin ne ko ta zauna? Ta ce ita ma ba a faɗa mata ba.

Don Allah jama'a, ku da kuka san kan wayar nan, ku ba ni shawara. In ce wa Rumasa'u ta koma ta roƙi mai tsohon zauren, ta shanye wulaƙancinta? Ko ta zauna jiran waɗanda ba ta san inda za ta same su ba su huce? Ni dai maganar da Gwaggo ta sallame ni da ita ce ke ta yi mini yawo a ka: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.